Ɗigon Jini da Azumin Mai Ciwon Suga

Sha'aban ya kama, gidaje sun fara lissafin gero da shinkafa da man girki. Akwai wani lissafin da ba kasafai ake sa shi cikin shirin azumi ba, alhali a wasu gidajen shi zai raba tsakanin ganin Sallah lafiya da kwana a gadon asibiti, wato lissafin sugan da ke cikin jinin mai ciwon suga. Da wuya a yau a sami zuri'ar da babu mai wannan lalura a cikinta, ko uba, ko uwa, ko kaka, ko wani matashi da ke allurar insulin tun yana makarantar firamare. Kuma mun san halin mutanenmu, galibinsu za su ɗauki azumi ko likita ya so ko bai so ba.

Wannan hali ba namu ne mu kaɗai ba. A azumin shekarar 2001 an gudanar da wani babban bincike mai suna EPIDIAR a ƙasashe 13, daga Maroko har Indonesiya, a kan masu ciwon suga sama da 12,000. Da aka wallafa sakamakon a 2004, sai ya nuna kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, sun azumci aƙalla kwana 15. Ko masu nau'i na ɗaya, waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan insulin, kashi 43 cikin ɗari nasu sun yi haka. Binciken ya kuma nuna mummunar faɗuwar suga ta ninka fiye da sau bakwai a tsakanin masu nau'i na biyu cikin watan, idan aka kwatanta da sauran watanni. Ba mu kawo wannan don mu tsorata kowa ba. Mun kawo shi ne don a gane cewa wanda ya ɗauki azumi da wannan ciwo yana tafiya ne a kan siraɗi, kuma 'yar na'urar awon suga ita ce fitilar da ke hannunsa. To, fitilar tana bukatar abu biyu: a yarda a kunna ta da rana tsaka, kuma ta faɗi gaskiya idan an kunna.

Na farkon ya shafi fiƙihu, shi ya sa muka ga ya dace da wannan shafi. Har yanzu akwai masu ajiye na'urar daga ketowar alfijir sai bayan Magariba, saboda sun ji an ce fitar jini yana karya azumi. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa a mazhabar Malikiyya ko ƙaho, wanda wanzami ke cika shi da jini, ba ya ɓata azumi, abin da ake gudu a cikinsa kawai shi ne kada ya raunana mai azumin har ya kasa kai wa. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho yana azumi. Hanbaliyya ne ke ganin ƙaho yana karya azumi, amma ko a cikinsu manyan malamai na wannan zamani, irin su Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin, sun yi fatawa cewa ɗan jinin da ake ɗiba don gwaji ba ya shiga hukuncin ƙaho. Idan haka ne game da jinin da ake zuƙa da sirinji, ina ga ɗigon da bai kai ƙwayar gero biyu ba? Babu abin da ya shiga ciki, babu raunin da ya biyo baya. Allurar insulin ma, wadda ake yi ƙarƙashin fata, tana cikin alluran da Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke, a zamanta na Jidda a 1997, cewa ba sa karya azumi matuƙar ba na abinci ba ne.

Wannan majalisa ta sake zama a Sharja a 2009, ta keɓe hukunci a kan ciwon suga da azumi, ta kasa marasa lafiyar gida huɗu gwargwadon haɗarin da azumi ke da shi a kansu, ta ce wa waɗanda ke cikin haɗari mafi tsanani su ajiye azumin. Ba sabon abu ta zo da shi ba. Sauƙin da aka yi wa mara lafiya yana nan a ayoyin azumi na Suratul Baƙara, kuma Mukhtasar na Khalil ya fayyace cewa wanda ke tsoron ciwonsa ya ƙaru ko ya daɗe ya halatta ya sha, wanda ke tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani kuwa shan ya zama wajibi a kansa. Tambayar da littafi ba zai iya amsa wa mutum ba ita ce: yau, ƙarfe uku na rana, shin na kai wannan haddin? A da sai dai a yi kirdado. Yanzu akwai lamba. Ƙa'idojin da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta fitar tare da ƙawancen masana ciwon suga da Ramadan, a 2016, aka sabunta su a 2021, sun ce mai azumi ya sha ruwa nan take idan sugansa ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko kuma alamun faɗuwar suga ko rashin lafiya suka bayyana. Idan yana tsakanin 70 da 90, ya sake awo kafin awa guda ta cika.

Wani zai ce shi jikinsa yana gaya masa. Wannan magana tana da rauni ko a watan da ba na azumi ba, domin wanda ya daɗe da ciwon, ko ya sha fama da faɗuwar suga, jikinsa kan daina ba shi gargaɗi. A cikin azumi kuwa ta fi rauni. Alamun faɗuwar suga su ne yunwa, da kasala, da jiri, da rawar jiki, da gumi, da bugun zuciya, da saurin fushi. Wane mai azumi ne ba ya jin rabin waɗannan bayan La'asar? Tsohuwa za ta jingina da bango tana gumi, 'ya'yanta su ce azumi ne ya kama Hajiya, saura awa ɗaya a sha ruwa, ta daure. Awa ɗayar nan kan iya kai ta ga suma, musamman idan tana allurar insulin ko tana shan irin ƙwayar glibenclamide, wadda ke ci gaba da sauke suga ko an ci abinci ko ba a ci ba.

Sai dai lambar da za a gina irin wannan hukunci a kanta dole ta zama ta gaskiya, kuma a nan ne muke ganin sakaci ya fi yawa. Mutum ya sayi na'ura da tsada, mai kemis ya nuna masa yadda ake kunna ta cikin minti biyu, daga nan duk abin da ta nuna ya zama yankan wuƙa. Ita kuwa na'urar ba ta san jinin wane ne ba, ba ta san abin da ya gauraya da shi ba. Sukarin da ta tarar a ɗigon shi take ƙirgawa, ko daga jijiya ya fito ko daga fatar yatsa.

A duba abin da ke faruwa dab da Magariba. An raba dabino, an yanka kankana da lemo, an dama kunu an zuba sukari, uwar gida ta taɓa duk waɗannan, sannan ta zauna ta soki yatsarta. A Japan an taɓa gwada wannan a kan mutane masu lafiya, aka wallafa a 2011: aka sa su ɓare lemo da inabi, aka auna su ba su wanke hannu ba, na'ura ta nuna lambobi irin na mai ciwon suga. Abin lura shi ne goge yatsar da sifirit bai gyara lambar ba, wanke hannu da ruwa ne ya gyara. Dabino ya fi waɗannan 'ya'yan itace danƙo da zaƙi. Haɗarin a fili yake. Wanda sugansa ke ƙasa zai ga lamba mai kyau ya ci gaba da azumi, mai insulin kuwa zai ga lamba ta yi sama ya ƙara allura a kan sugan da bai hau ba. Maganin wannan ruwa ne da sabulu, sannan a tsane hannu ya bushe sarai, domin ragowar ruwa ko sifirit yana sirka ɗigon ya sauya lambar. Musulmi yana da sauƙi a nan, tunda yana wanke hannu sau biyar a yini. Ya haɗa awonsa da alwala, ya ƙara sabulu, ya jira hannun ya bushe. Wanda ke kan hanya babu ruwa, ya share ɗigon farko da auduga mai tsabta ya auna na biyu.

Akwai wani abin da ba mu cika jin ana faɗa ba, kuma ya shafi mata da yawa har da wasu maza. Likitoci sun ba da rahoton cewa man bilicin mai ɗauke da sinadarin haidirokwinon, idan ya saura a yatsa, yana sa wasu na'urori su nuna suga ya hau ƙwarai alhali bai hau ba. Hukuncin bilicin magana ce ta wata rana. Abin da ya shafe mu yau shi ne duk wanda ya shafa mai, kowane iri ne, ya wanke hannu da sabulu kafin ya auna.

A soki gefen kan yatsa, ya fi tsakiyarta ƙarancin zafi, kuma a riƙa sauya yatsu. Idan jinin ya ƙi fitowa, kamar yadda yake yi da sanyin asuba lokacin hunturu, a ɗumama hannun, a sauke shi ƙasa, a shafo daga gindin yatsa a hankali. Matse kan yatsa da ƙarfi kamar ana tatsar saniya yana fito da ruwan nama ya gauraya da jinin.

Sai 'yar takardar gwajin, wadda masu kemis ke kira sitirif. Mutane suna lallaɓa na'ura su wulaƙanta sitirif, alhali aikin awon a jikinsa yake faruwa. A bakinsa akwai sinadari mai rauni wanda zafi da danshi ke lalatawa. Galibin kamfanoni suna rubuta a jikin kwalin cewa kada a ajiye shi a wurin da zafi ya wuce kusan digiri 30. Mazauna Sakkwato da Maiduguri da Yamai sun san abin da bazara ke yi, zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin mota da aka rufe ko shagon kwano da rana ke duka tun safe. Sitirif ɗin da ya yini a aljihun gaban mota bai cancanci a dogara da shi ba, ko da kwanan watan da ke jikinsa bai ƙare ba. A nemar masa wuri mafi sanyi kuma busasshe a ɗaka, nesa da taga da madafa da randa. A bar shi cikin robarsa ta asali, a rufe murfin da zarar an zaro ɗaya, domin robar ce ke kare shi daga danshi. Wasu nau'o'in ma suna da wa'adi na biyu, wata uku ko shida daga ranar da aka buɗe, don haka a rubuta ranar a jikin robar. Sayen sitirif ƙwaya-ƙwaya a ƙulle cikin leda, wanda tsada ke tura mutane gare shi, asarar kuɗi ce. Haka wanda wa'adinsa ya wuce da ake karyar da farashinsa. Kowace na'ura kuma da irin nata sitirif, na Accu-Chek ba ya aiki a OneTouch, kuma ko a kamfani ɗaya samfura sun bambanta.

Ko an kiyaye duk wannan, na'urar gida ba ma'aunin zinariya ba ce, kuma ya kamata a san iyakarta. Ƙa'idar duniya da ake auna ingancin waɗannan na'urori da ita, ISO 15197 ta 2013, ta yarda lambar ta kauce wa ta ɗakin gwaje-gwaje da maki 15 sama ko ƙasa idan suga bai kai 100 ba, ko da kashi 15 cikin ɗari idan ya kai 100 ko ya wuce, a kashi 95 cikin ɗari na gwaje-gwaje. Ma'ana, wanda ainihin sugansa 200 ne, lafiyayyar na'ura za ta iya nuna masa 170 ko 230, kuma ba ta lalace ba. Saboda haka wanda ya auna sau biyu a jere ya ga 140 da 152 kada ya jefar da na'urarsa. Amma a juya lissafin zuwa ƙasa a ga inda yake cizo. Na'ura ta nuna 76 ƙarfe biyu na rana, ainihin sugan zai iya zama sittin da 'yan kai. Wannan ne dalilin da ya sa aka ce a sake awo cikin awa guda, kuma idan alamu sun zo tare da irin wannan lamba, a bi alamun a sha ruwa. Hanya mafi sauƙi ta sanin halin na'ura ita ce a tafi da ita asibiti ranar da za a ɗebi jini, a auna da ita a daidai lokacin, a kwatanta sakamakon biyu.

Akwai kuma ruɗanin ma'auni, wanda muke ganin ya isa ya kashe mutum. Lambobin da muka kawo a sama, 70 da 300, na ma'aunin mg/dL ne. Wasu na'urori da ɗakunan gwaji da yawa a Najeriya suna amfani da mmol/L, inda 70 ta zama 3.9, 300 kuma ta zama kusan 16.6. Ana komawa daga wannan zuwa wancan ta hanyar ninkawa ko rabawa da 18. A Nijar da sauran ƙasashe rainon Faransa kuwa sau da yawa takardar asibiti takan zo da giram a lita, inda 70 ta zama 0.70. A ɗauka an gaya wa dattijo a asibiti cewa lafiyayyen suga yana wajen 5 zuwa 7, sai ɗansa ya aiko masa da na'ura daga wata ƙasa mai ƙirga da ɗaya ma'aunin, ta nuna masa 60. Zai ɗauka sugansa ya yi tashin gwauron zabo ya nemi ƙarin magani, alhali yana dab da faɗuwa. Ɗalibin da ke cikin gida, wannan aikinka ne. Ka duba 'yan haruffan da ke gefen lambar, ka rubuta iyakokin biyu da manyan baƙaƙe da ma'aunin na'urar gidanku, da boko ko da ajami, ka manna a inda ake ajiye ta. Ka kuma sanar da mutanen gida cewa idan ta nuna LO ko HI maimakon lamba, sugan ya fita daga iyakar da take iya ƙirgawa, a sake awo da hannu wankakke, idan ta maimaita a nufi asibiti.

Yanayin jinin kansa yana taɓa lambar. Ƙarancin jini, irin na mai ciki ko mai sikila ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, yakan sa wasu na'urori su nuna sama da gaskiya. Ƙishirwa mai tsanani da ta busar da jiki takan sa lambar yatsa ta zama abin shakka. Masu irin wannan yanayi su gaya wa likita tun kafin wata ya kama. Masana ma sun fi son a je wannan ganawa mako shida zuwa takwas kafin azumi, domin a sake tsara magani da lokutan shansa. Wanda bai je ba tukuna ya riga ya makara kaɗan, amma gara yanzu da daren ganin wata.

Sau nawa za a auna? Ya danganta da mutum. Mai nau'i na biyu da ke kan metformin kaɗai, sugansa kuma a daidaice, sau ɗaya ko biyu a yini kan wadatar. Mai insulin yana bukatar fiye da haka: kafin sahur, da hantsi, da Azahar, da La'asar, da dab da buɗa-baki, da awa biyu bayansa, da duk lokacin da ya ji jikinsa ya sauya. Awon bayan buɗa-baki shi aka fi mantawa, alhali shi ke tona asirin kunu mai sukari da ƙosai da lemon kwalba da tuwon da ke biyo bayan Tarawihi. A rubuta kowace lamba da lokacinta da abin da aka ci a ɗan littafi. Likita ya fi amfana da shafi guda na irin wannan a kan dogon bayanin baka.

Idan lamba ta sauka ƙasa da 70, a sha abu mai zaƙi mai saurin shiga jini, kamar babban cokali guda na sukari ko zuma a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba mai sukari, a jira minti 15 a sake awo, idan bai hau ba a maimaita, sannan a ci abinci. Ko saura minti goma a kira salla haka za a yi, ranar kuma a rama ta daga baya, wanda likita ya tabbatar ba zai iya ramawa ba har abada ya tambayi malami hukuncin ciyarwa. Wanda ya riga ya suma kuwa kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi asibiti.

Muna da jan hankali ga masu shirya gwajin suga kyauta a masallatai da wuraren tafsiri, aikin da muke yaba wa. Allurar sukar yatsa ta mutum ɗaya ce, haka abin da ake ɗana ta a ciki. Ciwon hanta nau'in B yana yaɗuwa ta ɗan jinin da ido ba ya gani, kuma yana da yawa a yankinmu. A wurin taro sai a yi amfani da irin allurar da ake harbawa sau ɗaya a jefar. A cikin gida ma miji da mata kowa ya riƙe tasa.

Ga malamanmu masu tafsiri, muna roƙon minti biyar a daren farko. Jama'a sun fi jin maganarku a kan ta likita a wannan babi, kuma jumla ɗaya daga bakinku, cewa awon suga ba ya karya azumi kuma wanda lambarsa ta faɗi ya sha ruwa babu laifi a kansa, za ta isa ɗakunan da ma'aikacin lafiya ba ya shiga. Ga masu hali da kwamitocin masallatai da ke rabon kayan azumi kuwa, a kowace unguwa akwai gidan da na'urar ke kwance cikin akwati wata da watanni domin an kasa sayen sitirif. Buhun sukarin da kuke kai wa irin wannan gida ba shi ne bukatarsa ta farko ba. Mai auna sau uku a yini yana bukatar sitirif kusan 90 kafin Sallah, wato roba biyu masu cin hamsin-hamsin. Kafin ku saya, ku aika a dubo sunan na'urar da samfurinta, ku saya a kantin magani mai rajista, ku duba wa'adin da ke jikin kwalin.